'Yar Kwalbar Da Ba A Gode Wa

Idan mara lafiya ya samu sauƙi, godiyarsa kashi-kashi ce. Bayan ya gode wa Allah sai ya gode wa likita, sai nas ɗin da hannunta ba shi da zafi wajen allura, sai ɗan'uwan da ya biya kuɗin magani, har da maƙwabciyar da ta riƙa aiko da kunun tsamiya. In wanda ya ɗan taɓa boko ne, yakan juya kwalin maganin ya karanta sunan kamfanin da ya haɗa shi, ya ce lallai mutanen nan sun iya. To amma a iya zamana cikin wannan sana'a ban taɓa jin wanda ya tambayi wa ya yi kwalbar da maganin ya zauna a ciki ba. Da zarar an zuƙe abin da ke cikinta sai a wurga ta kwandon shara, alhali kuwa ita ce ta yi dakon maganin nan shekara biyu ko uku, ta ratsa teku da shi, ta sha zafin tashar jiragen ruwa ta Apapa da gargadar hanyar Legas zuwa Kano, ba ta bari iska ta taɓa shi ba, ita ma kuma ba ta zuba masa komai nata ba.

Shekarata talatin da 'yan kai ina cuɗanya da magani. Na fara ne a matsayin yaron shago a kemis ɗin kawuna, daga baya na yi karatun haɗa magunguna na matsakaicin mataki, na ƙare a sitocin gwamnati inda ake ajiye allurar rigakafi. Kwalaben da suka bi ta hannuna Allah kaɗai ya san yawansu. Shi ya sa yau nake roƙon masu karatu su ɗan ajiye labaran masoya a gefe, su ba ni aron hankalinsu, in ba su labarin wani kamfani na ƙasar Jamus mai suna Schott, wanda ya haura shekara 140 yana narka yashi yana mai da shi gilashi. Ba talla nake yi musu ba, don ba su san da zamana a duniya ba, kuma ba su kaɗai ke wannan sana'a ba. Labarinsu ne dai ya tsaya mini a rai, saboda a cikinsa akwai abota, akwai yaƙi, akwai rabuwar 'yan gida ɗaya da sake haɗuwarsu, sannan akwai tambayar da ta shafe mu kai tsaye.

Mu da muka taso a shekarun 1980 mun san kwalbar fenisilin tun kafin mu san mene ne fenisilin. Kakata tana da guda uku a cikin adudunta: ɗaya ta kwalli, ɗaya ta turare, ɗaya kuma ta wani garin magani da ba ta gaya wa kowa sunansa. Tsofaffi masu garin taba a ciki suke ɗurawa su jefa a aljihu. Mu yara kuwa murfin robar nan muke farauta, mu yi tayar motar kara da shi, ko mu goge rubutun fensir in abin gogewa ya ɓace. Kwalba ce da ba ta tsatsa, ba ta riƙe wari, kuma da wuya ka ga ta fashe don ta faɗo daga kan tabarma. Babu wanda ya taɓa tunanin cewa gilashinta daban yake da na kwalbar lemo.

A shagon kawu na fara gane cewa mazubi ma wani ɓangare ne na magani. A wancan zamanin ƙwayoyi a gwangwani suke zuwa, dubu-dubu. Mu ƙirga da cokali mu zuba a 'yar ambulan, mu ja layi uku a bayanta, wato safe da rana da dare, saboda wanda bai iya karatu ba. Da damina ta yi nisa, in ka buɗe gwangwanin asfirin da aka daɗe ana buɗewa ana rufewa, sai ka ji wani tsami-tsami ya bugi hancinka kamar ruwan kal. Kawu yakan ce a zubar, laima ta shiga. Daga baya a makaranta na ji dalilin: ruwan da ke cikin iska ne ke raba sinadarin asfirin gida biyu, ɗaya daga cikinsu kuwa shi ne ainihin abin da ke ba ruwan kal tsaminsa. Katin magani da muke gani yau, wanda kowace ƙwaya ke da ɗakinta an like ta da dalma, maganin irin wannan matsala ne, kuma tun farkon shekarun 1960 aka fara shi a Turai kafin ya game kasuwanninmu.

Wata rana da hantsi wani dillali ya shigo da katan biyu na allurar kulorokwin, irin 'yan kwalaben nan da ake karya wa wuya, wato ampul. Kuɗin da ya faɗa bai fi rabin wanda muka saba saye ba. Kawu bai ko dubi rubutun kwalin ba. Ya zaro guda uku ya jera a kan kanta, ya sunkuya ya daidaita idonsa da su, sai ga shi tsawonsu bai zo ɗaya ba. Ya ɗaga ɗaya ya duba ta a hasken ƙofa, ya murza rubutun jikinta da babban yatsa, rubutun ya biyo yatsan. Ya naɗe ta da hankici ya karya, maimakon ta ɓalle fit a wuya sai ta marmashe.

“Alhaji, kaya ne masu kyau, daga waje suke,” in ji dillalin. “Maƙwabtanka duk sun ɗauka.”

Kawu ya ce, “Malam, Allah ya ba da kasuwa, amma ba da ni ba. Wanda ya yi ha'inci a kwalba, me zai hana shi yi a abin da ke ciki?”

Da mutumin ya fita yana gunaguni, na ce, “Kawu, ta yaya ka gane tun ba ka karanta ba?” Ya ce, “Kai ɗan nan, rubutu kowa na iya bugawa a bayan gari. Kwalba mai kyau kuwa sai mai babbar masana'anta. Ka riƙa fara tambayar kwalba, ita ba ta iya ƙarya sosai ba.” Wannan ƙin saye da ya yi ya ja masa asara, don wata da watanni masu saye suna wuce mu suna zuwa inda allurar ta fi araha. Da aka yi masa magana a gida sai ya ce gara ya rufe shago da ya je gaisuwar mutuwar yaron da shi ya sayar wa uwarsa allura.

Mai karatu kada ya ɗauka tsoron banza ne. A 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan sun sha ruwan farasitamol da aka haɗa da sinadari mai guba. Hukumar NAFDAC ma sai a 1993 aka kafa ta. A 1995, lokacin annobar sanƙarau a Jamhuriyar Nijar, an kai gudummawar allurar rigakafi daga Nijeriya wadda daga baya aka gano jabu ce, an kwaikwayi kwalabe da tambarin manyan kamfanonin Turai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 50,000 aka yi wa ita, ta kuma danganta mutuwar mutum 2,500 da wannan lamari. Wannan shi ne zamanin da na koyi sana'a a cikinsa.

To, me ya sa kwalbar allura ta zama sai wane da wane? Gilashin da muka sani, na taga da na kwalbar lemo, da abu uku ake yin sa: yashi, da sinadarin soda wanda ɗan'uwan kanwa ne, da farar ƙasa. Yana da aibi biyu. Na farko, ba ya jure canjin zafi farat ɗaya, shi ya sa kofin gilashi kan tsage in an zuba masa tafasasshen shayi da sanyin safiya. Na biyu ya fi ɓoyuwa: idan ruwa ya daɗe a cikinsa, yakan riƙa tsotso sodar nan daga jikin gilashin kaɗan-kaɗan. Duk wadda ta taɓa ɗiga ruwan kanwa a zoɓo ta san yadda ɗan ƙanƙani ke juya masa launi da ɗanɗano. Ga lemo wannan ba wani abu ba ne. Amma ga maganin da za a tura cikin jijiya kai tsaye, ɗan canjin nan yana iya rage masa ƙarfi ko ya sa shi guda-guda. Mutumin da ya warware waɗannan matsaloli biyu a lokaci guda shi ne Otto Schott.

An haife shi a 1851 a garin Witten da ke yammacin Jamus, ɗan mai sana'ar gilashin taga. A zamanin, yin gilashi sana'ar gado ce kamar ƙira ko rini a wurinmu: uba ya koya wa ɗa, a ɓoye sirri, in aiki ya yi kyau a gode, in ya ɓaci ba a san dalili ba. Shi kuwa Otto sai ya tafi jami'a ya karanci ilimin sinadarai, ya sami digirin dakta a Jena a 1875. Ya koma gida ya haɗa 'yar ƙaramar tanda, ya shiga ɗaukar sinadarai ɗaya bayan ɗaya yana narkawa da yashi yana rubuta abin da kowanne ya haifar. A 1879 ya rubuta wasiƙa zuwa ga wani farfesa a Jena mai suna Ernst Abbe, ya aika masa da samfurin wani sabon gilashi da ya haɗa.

Shi wannan Abbe abokin aikin Carl Zeiss ne, mai ƙera madubin likita da ake ganin ƙwayoyin cuta da shi. Abbe ya riga ya yi lissafin yadda madubi mafi kyau zai kasance, amma lissafin ya tsaya a takarda, don babu gilashin da zai iya ɗaukarsa a kasuwa. Samfurin farko da Schott ya aiko bai biya buƙata ba. Wani farfesan da sai ya jefa wasiƙar a kwando, don me zai ɓata lokacinsa da saurayin da ba shi da ko aikin kirki? Abbe dai ya auna gilashin, ya rubuta masa amsa, ya gaya masa inda aka gaza. Wasiƙa ta bi wasiƙa, har a 1882 Schott ya tattara ya koma Jena. A 1884 su huɗu, wato Schott da Abbe da Carl Zeiss da ɗansa Roderich, suka kafa ɗakin gwajin gilashi wanda shi ne tushen kamfanin. Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ga mai lissafi, ga maƙeri, ga masanin sinadari, kowa ya kawo abin da ɗan'uwansa ba shi da shi. Zuwa 1886 sun fitar da jerin gilashin madubi iri 44.

Tsakanin 1887 da 1893 ne Schott ya kai ga abin da ya shafi labarinmu. Ya gano cewa in aka rage soda aka ƙara sinadarin boron, ana samun gilashin da ba ya kumbura sosai in ya ji wuta, kuma ruwa da sinadarai ba sa cin jikinsa. Shi ne ake kira borosiliket. Abin mamaki, kuɗin farko da ya kawo musu ba daga asibiti ya fito ba. Daga fitila ya fito. Duk wanda ya yi karatun dare da fitilar ƙwai ya san baƙin cikin da ake shiga in ɗigon ruwa ya faɗa kan ƙwan fitila mai zafi. A lokacin biranen Turai sun koma fitilun gas masu tsananin zafi, ƙwan fitila na ta fashewa, sai ga na Jena da ba ya fashewa. Suka sayar da miliyoyi, ƙaramin ɗakin gwaji ya zama babbar masana'anta.

Ana nan kuma sai likitanci ya juya wajen allura. Tun a 1886 wani mai haɗa magunguna Bafaranshe, Stanislas Limousin, ya ƙirƙiro ampul, wato a zuba magani a 'yar kwalba a narke bakinta da wuta a like. A 1910 aka fitar da Salvarsan, maganin tunjere na Paul Ehrlich, wanda iska ke lalatawa, dole sai a likakkiyar kwalba. A 1911 Schott ya fitar da bututun gilashi na musamman don kwalaben magani, ya sa masa suna Fiolax, kuma da wannan sunan ake yin sa har yau. Kusan kashi uku cikin huɗu na jikinsa yashi ne tsantsa, kimanin kashi ɗaya cikin goma kuma sinadarin boron. Akwai fari, akwai mai ruwan ƙasa-ƙasa saboda magungunan da haske ke ɓatawa. Daga nan sai insulin ta zo a 1922, fenisilin ta yawaita a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kowannensu na neman kwalbar da za ta riƙe amana. Murfin robar nan ma da muke tayar mota da shi yana da nasa tarihin: wani kamfanin Amurka mai suna West, da aka kafa a Filadelfiya a 1923, ya yi suna ne wajen yi wa kwalaben fenisilin murfi a lokacin yaƙin.

Yadda ake yin kwalbar ma abin ji ne. Ana narka kayan haɗin a tandar da zafinta ya kai wajen digiri 1,600, kuma ba a kashe ta dare da rana har tsawon shekaru. Narkakken gilashin ya riƙa kwarara kamar zuma a kan wani bututu mai juyawa, ana hura iska ta tsakiyarsa, ana jan sa ya miƙe ya zama dogon bututu, a yayyanka. Daga nan wasu injuna su riƙa juya bututun a cikin harshen wuta, su fitar da baki da wuya da gindi, a sake gasa kwalbar a bar ta ta huce a hankali don kada ta riƙe tsagewar ɓoye, kyamarori su duba kowace ɗaya. In ta isa hannun masu magani su wanke ta, su gasa ta a zafin da ya kai digiri 300 don kashe duk wani abu da ke ciki, sannan su ɗura, su toshe da roba, su ɗaure da dalma. Kuskuren da bai kai kaurin gashi ba a bakin kwalba ya isa ya sa murfi ya ƙi zama, iska ta shiga. Ashe abin da kawu ke nema ke nan ranar da ya jera ampul uku yana auna tsawonsu da ido.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin nan shi ne abin da Abbe ya yi da dukiyarsa. Shi ɗan ma'aikacin masaƙa ne, ya taso yana ganin mahaifinsa na fita tun duhu ya dawo da duhu. Bayan rasuwar Carl Zeiss a 1888, sai Abbe ya kafa gidauniya a 1889 ya sa mata sunan abokin nasa, daga baya ya mallaka mata hannun jarinsa. Ya rubuta mata ƙa'idoji: ma'aikata su sami fansho da hutu mai albashi, kada a duba asalin mutum ko addininsa ko jam'iyyarsa wajen ɗaukar aiki, a riƙa tallafa wa jami'a da bincike daga ribar. A 1900 ya mai da aikin yini awa 8 a masana'antar Zeiss, a zamanin da ake yi wa irin wannan kallon wauta. A 1919 shi ma Otto Schott ya miƙa nasa rabin ga gidauniyar. Tun daga nan kamfanin ya daina zama na wani mutum ko na 'ya'yan wani. Har yau uwar kamfanin mallakar gidauniyar ce ita kaɗai, kuma ƙa'ida ta hana ta sayarwa.

Da na karanta wannan sai na ce, ai waƙafi ke nan. Abu ne da muka sani a littattafanmu tun kafin a haifi kakan Abbe, sai dai mun fi tsayar da shi a kan rijiya da maƙabarta. Manyan kasuwancinmu nawa ne aka binne tare da masu su? Shagon kawu da ya yi shekara kusan arba'in yana tsare mutuncinsa, bai kai shekara biyu ba bayan rasuwarsa. Kowa ya karɓi haƙƙinsa kamar yadda ya dace, babu wanda ya zalunci wani, amma sunan da amanar da aka tara ba abin da ake rabawa a faranti ba ne, sai suka bi iska. Yau kayan waya ake sayarwa a wurin.

Kada mai karatu ya zaci tarihin mutanen nan fari ne fat. A zamanin Hitila masana'antar ta yi wa sojojin Jamus gilashin kayan yaƙi, kuma an yi amfani da mutanen da aka kamo daga wasu ƙasashe aka sa su aikin tilas a cikinta. Ƙa'idojin Abbe ba su hana wannan ba, kuma tabo ne da ba ya gogewa. Da yaƙi ya ƙare a 1945, sojojin Amurka ne suka fara shiga Jena, amma yarjejeniya ta ce yankin na Rasha ne. Kafin su janye a watan Yuni sai suka kwashi ƙwararru 41, har da Erich Schott ɗan Otto wanda ke shugabancin kamfanin, suka yi yamma da su da iyalansu. Rashawa suka zo suka kwance injuna suka tafi da su, a 1948 kuma gwamnatin gabas ta ƙwace masana'antar. Mutum 41 ɗin nan sun bar tanda da gini da gidajensu a baya, abin da ke cikin kawunansu kaɗai suka tsira da shi, kuma da shi suka gina sabuwar masana'anta a birnin Mainz a 1952.

Sai aka wayi gari da kamfani biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, kowanne na cewa shi ne magajin Otto Schott. Suka yi ta shari'a a kan suna da tambari, sai a 1981 suka daidaita: na yamma ya riƙe sunan Schott, na gabas ya riƙe sunan gilashin Jena. Bayan faɗuwar katangar Balin a 1989 da haɗewar Jamus a 1990, na Mainz ya karɓi na Jena, gida ya koma ɗaya bayan rabuwar sama da shekara 40. A tsakanin nan sun shiga sana'o'i da dama, wasu suka ɗore, wasu suka mutu. Sun yi gilashin talabijin irin mai ƙeya har zamaninsa ya wuce, sun shiga harkar farantan hasken rana suka fita a 2012 da gasa ta yi musu yawa. 'Yar kwalbar magani kuwa, da ba ta da wani kwarjini, ita ce ba ta taɓa barin su ba. Suka kafa masana'antu a Burazil da Indiya da Sin da Amurka da sauran wurare, har kwalabe da sirinjin da suke fitarwa a shekara suka haura biliyan 10. A Satumbar 2023 suka sa ɓangaren kayan magani a kasuwar hannun jari ta Frankfurt da sunan Schott Pharma, uwar kamfanin ta riƙe mafi yawan hannun jarin.

Duniya ba ta tuna da masu wannan sana'a ba sai a 2020. Korona ta zo, masana na tseren haɗa rigakafi, sai aka fara tambaya: in an haɗa, a me za a zuba? Ba a gina tandar gilashi a wata guda. A watan Yunin shekarar, Schott da manyan abokan gasarsa biyu, Gerresheimer na Jamus da Stevanato na Italiya, suka fito tare suka ba duniya tabbacin cewa kwalabe za su wadata. Schott ya ce zai samar da waɗanda za su ɗauki allura biliyan 2. A Indiya kuwa, kamfanin Serum, wanda ya fi kowa yawan yin rigakafi a duniya, ya daɗe yana sayen kwalabensa daga wani kamfanin haɗin gwiwa na Schott da ke can. A Agustan 2021 sai Serum ya sayi rabin kamfanin kwalaben ɗungurungum, don ya ga cewa mai magani da ba shi da mazubi kamar mai rijiya ne ba guga.

Daga wannan kamfani na Serum aka kawo wa Ghana allura 600,000 ranar 24 ga Fabrairun 2021, aka kawo wa Nijeriya kusan miliyan 4 ranar 2 ga Maris. Ina cikin waɗanda suka karɓi kason ƙaramar hukumarmu suka jera a firji. Kowace kwalba allurar mutum 10 ce, ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba. Na riƙe ɗaya a tafin hannuna ina lissafi: maganin daga Indiya, ilimin gilashin daga Jena, murfin daga wata ƙasa, jirgin da ya kawo na wasu. Namu a ciki shi ne hannun da za a tsira wa allurar. A Disambar shekarar kuma aka lalata sama da allura miliyan 1 a Abuja, waɗanda ƙasashe masu arziki suka ba mu kyauta lokacin da wa'adinsu ya kusa cika. Wanda ke jiran a sammasa ba shi ke zaɓen lokaci ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, mu ba baƙin gilashi ba ne. Masu tonon tarihi sun gano cewa a Ile-Ife ana narka gilashi ana yin duwatsun ado tun wajen ƙarni na 11. A Bida, unguwar Masaga ta shahara da munduwa da tsakiyar gilashi tun kafin zuwan Turawa. Muna da masana'antun da ke yin kwalaben lemo da na maganin tari. Ɗakin haɗa rigakafi na Yaba a Legas ya yi aiki tun daga shekarun 1940 har aka rufe shi a 1991. Yashi kuwa, wa zai gaya wa mutumin Arewa yashi? Abin da ya raba Jena da Masaga shi ne, a can an sami ɗan masu sana'a da ya je ya karanto dalilin abin da ubansa ke yi, aka sami farfesan da bai raina wasiƙarsa ba, aka sami mai kuɗin da ya yarda a yi shekaru ana gwaji kafin riba, daga ƙarshe aka ɗaure dukiyar yadda mutuwar mutum ɗaya ba za ta watsa ta ba. Babu ko ɗaya cikin huɗun nan da ya fi ƙarfinmu.

Kafin mu kai can, akwai abin da kowa zai iya yi gobe da safe. In za a yi maka allura, ko a yi wa ɗanka, ka nemi ganin kwalbar, haƙƙinka ne. Ka duba ko ta tsage, ko ruwan ya yi gurɓi ko akwai wani abu na yawo a ciki, ko dalmar bakin ta nuna alamar an taɓa ɓanɓarewa. Ka duba ranar ƙarewar wa'adi da lambar NAFDAC. In allurar rigakafi ce, sau da yawa za ka ga wani ɗan tambari a jikinta, murabba'i a cikin da'ira, wanda aka fara sa wa maganin shan inna a 1996: muddin murabba'in ya fi da'irar haske to zafi bai lalata maganin ba, in ya yi duhu kamar ta ko ya fi ta, a zubar. Ku kuma 'yan'uwana ma'aikatan asibiti da masu kemis, don Allah kada a sayar wa kowa kwalaben da aka gama da su da tambarinsu a jiki, ko nawa zai biya. Masu jabu sun san ba za su iya yin irinta ba, shi ya sa suke bin bola suna saye.

Su kuma matasanmu da ke karatun sinadarai a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, waɗanda ake yi wa dariya ana cewa me za a ci da wannan, ina fata wani cikinsu zai ɗauki yashin garinsu da muhimmanci. Ina kuma fata ranar da zai rubuta tasa wasiƙar, malamin da za ta faɗa hannunsa zai zauna ya ba shi amsa, attajirin da za a kai wa maganar kuma ba zai fara da tambayar ribar wata shida ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu da suka riƙe amanar sana'a, mu kuma ya sa mu dace.